Sharhi: Tsakanin Gona da Bakin Kwalta

Sharhinmu na yau a kan sufurin karkara ne: yadda buhun masara ke barin gona ya isa gida, yadda yake barin gida ya isa kasuwa, yadda yarinya ke zuwa makaranta a garin da ba nasu ba, da yadda ake kai mai naƙuda asibiti cikin dare.

Ranar 29 ga Mayun 2023, a jawabinsa na karɓar mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin a ce kwabo, litar da ake saye kusan naira 190 ta haura 500, zuwa watan Oktoban 2024 kuma ta tsallake naira 1,000 a gidajen mai da dama. Mutanen birni sun yi kuka kuma an ji su, domin su ke kusa da gidajen rediyo da jaridu. Mutumin ƙauye kuwa dama can bai san farashin gwamnati ba. A galan ko a kwalba yake sayen mai wurin 'yan bumburutu, da ƙarin ribarsu a kai. Da farashi ya tashi, sai ya tashi masa sau biyu: ga tsadar man babur ɗinsa, ga kuma direban a-kori-kura da ya ninka kuɗin buhu ranar kasuwa. Direban ma ba laifinsa ba ne, shi ma sayen man yake yi, ga taya, ga 'yan kamasho, ga shingaye a hanya.

Aka ce mafita ita ce iskar gas, a mayar da motoci su koma amfani da ita. Madalla. Amma a tambayi mutumin Maigatari ko na Sabon Birni ko na Gwarzo, ina gidan gas ɗin da ya fi kusa da shi? Wannan magani ne na manyan birane da manyan tituna. Ƙauye na buƙatar a yi masa nasa tunanin daban.

Duk wanda ya zauna a karkara ya san cewa mafi yawan zirga-zirgar mutanenta gajeruwa ce. Gida zuwa gona, gona zuwa gida. Rijiya, injin niƙa, daji wurin itace, makarantar firamare, kasuwar mako da ke garin gaba. Tafiyar da ba ta wuce kilomita 2 zuwa 10, amma kullum ake yin ta, kuma kusan kullum da kaya. Taki ne za a kai gona da bazara, amfani ne za a kwaso da kaka, kara ne, harawa ce, ruwa ne. Mota ba ta shiga yawancin waɗannan hanyoyi, ko da man kyauta ne. Ƙididdigar da Bankin Duniya ya yi amfani da ita a 'yan shekarun baya ta nuna kusan mutum 1 cikin 4 ne kawai na mazauna karkarar Nijeriya ke zaune cikin tazarar kilomita 2 daga hanyar da ke biyuwa rani da damina. Saura uku fa? Su ne masu ɗaukar kaya a ka, su ne masu jiran ruwa ya janye kafin su fita gari. Duk da haka, idan gwamna ya tashi maganar sufuri, motocin safa zai sayo a jera a filin wasa a yanka ƙyalle, su riƙa jigila tsakanin babban birnin jiha da Abuja. Tazarar da ke tsakanin gona da bakin kwalta, wadda a nan ne manomi ke asarar ƙarfinsa da ribarsa, ba ta da ofishi, ba ta da kwamishina, ba ta da layi a kasafin kuɗi.

Mu waiwaya baya kaɗan. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, bayan nan aka ja layi zuwa Kaura Namoda a 1929, aka ja wani zuwa Nguru a 1930. Dalar gyaɗar da muke alfahari da ita, wadda su Alhassan Ɗantata suka tara, ba a gingimari yawancinta ta baro ƙauyuka ba. Jakuna da raƙuma da takarkarai ne suka kawo ta tashoshin jirgi da wuraren awo, a taiki da mangala. Wato dai tsarin yana da hawa biyu: dabba ta ɗauki gajeren zango, jirgi ya ɗauki dogon. Garuruwa irin su Malam Madori da Gagarawa da Funtuwa sun san abin da tashar jirgi ta yi musu. Muka wayi gari mun bar layin dogo ya mutu, muka kuma raina dabbar, muka ɗora komai a kan mota da fetur. Da fetur ya yi tsada, sai aka ga babu wani abin da aka tanada.

Jaki shi ne ya fi shan wahalar wannan raini. A bakinmu sunansa zagi ne, alhali babu dabbar da ta yi wa talakan ƙasar Hausa hidima kamarsa. Yana cin abin da ya samu, yana jure ƙishirwa, yaro ɗan shekara goma na iya kora shi, yana bin burtalin da babur ma sai ya yi dabara. Ga shi yanzu yana neman gagarar talaka, kuma dalilin daga nesa yake. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani sinadari da ake sa wa a magungunan gargajiya da kayan gyaran jiki, kuma jakunansu sun yi ƙaranci, sai 'yan kasuwa suka juyo Afirka. A 2016 gwamnatin Jamhuriyar Nijar ta hana fitar da jakuna, bayan ta ga an fitar da kusan 80,000 cikin watannin farko na shekarar, alhali a duk 2015 ba su wuce 27,000 ba. Burkina Faso ma ta ɗauki irin wannan mataki a shekarar. A watan Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa, suka amince da hana yanka jakuna domin fata a duk nahiyar. Doka ta yi kyau a takarda. Amma wanda ke zuwa kasuwannin dabbobi na kan iyaka ya san tireloli sun daɗe suna lodin jakuna zuwa kudu, kuma jaka ba akuya ba ce: cikinta shekara guda ne, ɗa ɗaya take haifa. Abin da aka kwashe cikin shekara biyar, sai an yi shekaru masu yawa kafin a mayar. Idan jaki ya bar gida, aikinsa ba ya bin sa. Kan matar gida da 'ya'yanta mata yake komawa, su ne za su ɗauko ruwan, su ɗauko itacen.

Sai amalanken shanu. A ganina wannan ita ce motar manomi ta gaskiya, kuma a kanta nake so in ɗan daɗe. Ku je Jigawa ko Yobe ko arewacin Katsina, ku tsallaka Maraɗi da Damagaram, za ku ga yadda ta zama ƙashin bayan gida. Bijimai biyu a ƙarƙashin karkiya suna jan buhu takwas zuwa goma a hanya mai kyau. Su ne dai shanun da suka yi huɗa da damina. Da kaka su kwaso amfani, da rani su kai taki gona, su ɗebo ruwa a ganga, su kwaso ƙasar gini, ranar kasuwa su ɗauki mutane da kayansu. Abincinsu daga gonar yake fitowa, kashinsu gonar yake komawa. Bayan shekara uku ko huɗu mai su ya kiwata su ya sayar da riba, ya sayi ƙanana ya sake horarwa. Ku nuna mini injin da ake mora shekara huɗu sannan a sayar da shi fiye da yadda aka saye shi.

Ita kanta amalanken, maƙerin gari ko mai walda ne ke haɗa ta, da gatarin tsohuwar mota da tayoyinta. In ta lalace ba a jiran kaya daga Legas. A Jamhuriyar Nijar an daɗe da gane haka, har aka kafa wuraren ƙera amalanke da garma a garuruwa irin su Doso da Tawa da Damagaram, aka riƙa bai wa manoma bashi. A Nijeriya muna da cibiyar binciken aikin gona a Samaru, da ta binciken dabbobi a Shika, da cibiyar fasahar sufuri, duk a Zariya ɗaya. Me zai hana waɗannan su haɗa kai su fitar da amalanke mara nauyi, mai birki, da karkiyar da ba ta cin wuyan sa, su koya wa masu walda na ƙananan hukumomi? Wasu jihohi sun taɓa ba da rancen shanun noma, kuma inda aka ba manoman gaske an ga amfaninsa. Abin takaici, irin wannan shiri ba ya ɗaukar ido a hoto kamar jerin taraktoci, shi ya sa ba ya daɗewa.

Kada in yi kamar ban san halin da ake ciki ba. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja, ajiye shanu a gida ya zama kiran ɓarayi. Manoma da yawa an kore musu shanun huɗa, wasu sun sayar da kansu tun kafin a zo. Wanda ya ce wa mutumin irin waɗannan wurare ya koma amalanke ba tare da an yi maganin tsaro ba, ba'a yake yi masa. Matsalar tsaro ta shiga cikin sufurin karkara har wuya, kuma za mu sake cin karo da ita in mun zo kan babur.

Keke kuma fa? Dattawanmu sun san zamanin da Raleigh ke cikin kayan alfarma, malamin makaranta da ma'aikacin gona da ɗan kasuwar ƙauye kowa da nasa, ana goge shi ana yi masa ado. Yau saurayi ya gwammace ya ci bashin babur da a gan shi a kan keke. A farkon mulkin Obasanjo, ministan sufuri Ojo Maduekwe ya yi ta kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, har ya hau da kansa zuwa taron majalisar ministoci a Abuja, mota ta ture shi ya faɗa kwata. Ƙasa ta kwashe da dariya, maganar ta mutu a nan. Amma kuskuren minista wuri ne: ya kai keke titin Abuja da aka gina domin motoci masu gudu. A hanyar ƙauye, inda babu tirela babu cunkoso, keke na ninka saurin mai tafiya a ƙasa sau uku, yana ɗaukar buhu a kariya, kuma gyaransa bai wuce faci da kaca da bawul ba.

Ga abin da wasu suka yi da shi. A jihar Bihar ta Indiya, ɗaya daga cikin jihohi mafi talauci a ƙasar, gwamnati ta fara wani shiri a 2006: duk yarinyar da ta shiga aji tara, wato ta kai matakin sakandare, a ba ta kuɗin sayen keke. Masana tattalin arziki da suka bibiyi shirin sun gano shigar 'yan mata sakandare a kan lokaci ta ƙaru da kusan kashi 32 cikin 100, kuma an fi ganin canjin a ƙauyukan da makaranta ke da nisa. Dalilin a fili yake. Uba ba ya son 'yarsa ta yi tafiyar awa biyu a ƙasa ita kaɗai, amma in tafiyar ta koma rabin awa, kuma 'yan mata goma ne suka fita tare, hankalinsa ya kwanta. A Zambiya da wasu ƙasashen kudanci da gabashin Afirka, wata ƙungiya da aka kafa a 2005 na rarraba wani keke mai ƙarfi da ake kira Buffalo, wanda kariyarsa ke ɗaukar kilo 100, ga ɗalibai da ma'aikatan lafiya da masu kai madara, tana kuma horar da masu gyara a ƙauyukan.

Na san abin da wani mai sauraro zai ce: a ƙasar Hausa mace ba ta hawa keke. To, a Wagadugu mata na hawa, a Tamale ta arewacin Gana, garin da Musulmi suka fi yawa kuma akwai 'yan'uwanmu na zango, mata na hawa da mayafinsu, har an ware wa masu keke gefen titi. Ban ce a tilasta wa kowa ba. Na ce dai iyaye da malamai su zauna su auna: wanne ya fi, yarinya ta je makaranta a kan keke tare da ƙawayenta, ko ta bar karatu daga aji shida domin sakandare na da nisa, ko kuwa kullum ta hau bayan ɗan acaɓan da ba a san ko wane ne ba? In ma maganar 'yan mata ta yi nauyi, a fara da yara maza da malaman ƙauye da ma'aikatan rigakafi. Sai dai a tuna keke ba na ko'ina ba ne. A rairayin Yusufari da Machina, tura shi za ka yi ta yi. Can raƙumi da amalanke ne sarakai, kuma babu abin kunya a ciki.

Yanzu bari mu zo ga wanda ya riƙe karkara a yau, wato babur. Gaskiya ce, babu abin da ya sauya rayuwar ƙauye cikin shekaru 25 da suka wuce kamar babura masu araha daga Sin da Indiya. Ɗan acaɓa, ko ɗan kabu-kabu kamar yadda ake cewa a Nijar, shi ne motar haya, shi ne motar asibiti, shi ne mai kai saƙo. Yana ɗaukar buhu biyu, yana ɗaukar akuya, yana ɗaukar mutum uku. Amma yana da ciwo biyu. Na farko fetur, wanda ke cinye kusan duk abin da yaron ya samu. Na biyu, 'yan bindiga ma shi suke hawa, saboda haka duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare shi ake fara hanawa. Kano ta hana acaɓa a cikin birni a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, A Daidaita Sahu ya maye gurbinsa. A Nijar, jihar Difa ta hana babura a 2015, sassan Tilaberi a farkon 2020, Zamfara da Katsina kuma suka taƙaita zirga-zirgarsu da sayar da mai a jarka a 2021. A birni, in an hana babur akwai madadi. A ƙauye in an hana, an rufe gari ke nan. Hukumomin tsaro na da hujjarsu, amma duk wanda zai sa hannu a irin wannan doka ya kamata ya fara amsa tambaya ɗaya: mara lafiya a me za a kai shi?

Maganin ciwon farko ya fara bayyana. A Ruwanda da Kenya da Benin da Togo, dubban 'yan acaɓa sun koma babur mai batir. Ba sa tsayawa caji: in batir ya yi ƙasa sai su shiga tasha a cire a sa musu cikakke, cikin 'yan mintoci, su biya kuɗin wutar. A gundumar Wedza ta Zimbabuwe, mata manoma na karɓar hayar babur mai ƙafa uku mai batir, wanda ake cajinsa da hasken rana, suna kai kayan lambu kasuwa, suna ɗebo ruwa, suna kai masu ciki asibiti. A nan gida ma, Maiduguri ta ga ƙananan motocin haya masu lantarki da wani matashi ɗan garin, Mustapha Gajibo, ya haɗa. Rana kuwa ba a fi mu ita ba. Manoman rani da yawa sun riga sun ajiye injin fetur sun koma ban-ruwa da sola, ba tare da wani ya yi musu wa'azi ba, lissafi kawai suka yi. Rumfar sola a kowace kasuwar mako, inda za a riƙa musayar batir, ba mafarki ba ne.

Sai dai ina da gargaɗi. Kada wani ɗan kwangila ya ji wannan sharhi ya je ya shigo da kwantena ɗari ta babura masu batir a raba wa 'yan siyasa. Babur ɗin da babu makanikensa a gari, babu batirin canji, babu kayan gyara a kasuwa, wata shida zai yi ya zama wurin kwanan kaji. A fara da makanikai da wurin caji, sannan a kawo babur.

Akwai kuma tafiyar da ba ta jiran jaki ko keke. Mace ta fara zubar da jini bayan haihuwa, yaro na sanƙarewa da zazzaɓi, maciji ya sari manomi: nan inji ake bukata, kuma da gaggawa. Masu kiran a rage dogaro da mota ba su ce a kai mai naƙuda asibiti a kan amalanke in akwai abin da ya fi ta sauri ba. A jihohin arewa da dama an gwada wani tsari da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, inda ake horar da direbobin tasha su zama 'yan sa-kai, a kira su ko da tsakar dare su ɗauki mai naƙuda a kuɗin mai kawai, a saka musu da ba su lodi ba tare da bin layi ba. A Malawi an yi amfani da babura masu gadon mara lafiya a gefe. Mota ɗaya da gari ya san lambar direbanta, da asusun mai da aka tara tun kafin buƙata ta taso, ta fi motar asibiti mai jiniya da ke ajiye a sakatariya babu taya.

Mutanen bakin ruwa kuma, sufurinsu ma ba a lissafa shi sai ranar da aka yi asarar rayuka. A watan Mayun 2021 jirgin ruwa ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a kogin Kwara kusa da Warra ta jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamban shekarar, wani ya kife a ruwan Bagwai ta jihar Kano da 'yan makarantar Islamiyya da suka taso daga Badau za su Mauludi, fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a yankin Patigi ta jihar Kwara suna dawowa daga biki. Allah Ya jiƙansu da rahama. Kusan kullum dalilan iri ɗaya ne: lodi fiye da kima, tsohon jirgin katako, tafiyar dare, kututture a ƙarƙashin ruwa, babu rigar kariya ko ɗaya. Ruwa hanya ce da ba ta bukatar kwalta, kuma babu abin da ke ɗaukar kaya mai nauyi da arha kamarsa. Abin da ya rage shi ne jirage masu inganci, da rigar kariya ga kowane fasinja, da Sarkin Ruwa ko wakilin hukuma a mafita mai ikon cewa jirgi ya cika, kuma a ji maganarsa. A fadamar Haɗeja zuwa Nguru kuma a share kacalla da ta toshe hanyoyin kwale-kwale.

Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021, mai tsawon kilomita 284, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. In an kammala, amfaninsa ga manomi ya danganta da ko jirgin zai tsaya a ƙananan tashoshi ya ɗauki buhu da dabba, ko wucewa zai riƙa yi mutanen ƙauye na ɗaga masa hannu.

Duk abin da na lissafa, daga jaki har babur mai batir, abu ɗaya ke tsayar da su: hanya ta yanke. Kuma sau da yawa ba duk hanyar ce ta lalace ba. Wuri ɗaya ne ko biyu, wani rafi, wani kwari, wata fadama mai taɓo, da ke raba gari da duniya wata uku a shekara. Kwalbati ɗaya, ko 'yar gadar kankare, ko tifa ashirin ta marmara, ta isa ta buɗe hanyar kilomita 15. Kuɗin kilomita ɗaya na kwalta zai gina irin waɗannan da yawa. Tun zamanin Babangida, da aka kafa hukumar raya karkara ta DFRRI a 1986, ake yanka hanyoyin karkara da gireda, damina biyu ta wanke su domin babu magudanar ruwa kuma babu mai kula. A da akwai leburorin hanya na En'e, kowa da zangonsa, da shebur da baro, suna cike rami tun yana ƙarami. Matasan da ke zaune a gindin bishiya babu aiki za su iya wannan, a biya su wata-wata, kuɗin ya tsaya a garin.

Mafi yawan hanyoyin Nijeriya, in ana maganar tsawo, na ƙananan hukumomi ne. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Ko an cika wannan hukunci ko ba a cika ba, shugaban ƙaramar hukuma da kansila su ne suka fi kusa, kuma su ne ba za su ce ba su san rafin da ake magana ba.

Saboda haka kirana ga masu unguwanni da dagatai da ƙungiyoyin ci gaban gari: kafin damina mai zuwa, ku zauna ku rubuta wuraren da ke yanke muku hanya, da sunansu, ku kai wa kansila da ciyaman a rubuce, ku ajiye kwafi. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a da alkawarin kwalta, ku nuna masa takardar ku ce ya fara da kwalbati. Ku kuma gwamnoni, cikin kayan tallafin da kuke rabawa a sa rancen shanu da amalanke, a sa kekuna ga ɗaliban da makaranta ta yi wa nisa, a sa rigunan kariya ga masu fito. Manomi kuma da ke da jaka a gida, duk kuɗin da dillali ya taya, ya yi lissafin wanda zai ɗauki kayan bayan ta tafi kafin ya ce ya sallama.